Zauren Masu Karatu: Na samu agogon da na daɗe ina jira, sai kuma ya fita daga raina

Wasiƙu uku na ɗauko wannan watan, dukkansu kan agogo masu tsada. Ta farko ce ta ci wuri, don ita ta fi taɓa ni.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar tayil da kayan banɗaki, shekaruna 46. Tun ina saurayi nake son agogo. Na fara da Seiko 5 da yayana ya bar mini, daga baya na sayi Omega, na sayi Tudor, a hankali har suka kai tara. Kowanne ina ɗaura shi, ina jin daɗinsa. A ƙarshen 2021 na ƙwallafa rai kan Rolex Daytona na farin ƙarfe mai farar fuska. Na rubuta sunana a layin masu jira a wani shago a Dubai. Duk zuwa sai na leƙa, a ba ni gahawa da dabino, a ce in ƙara haƙuri. Wani ya raɗa mini cewa sai sun ga kana yi musu ciniki suke tunawa da kai. Na sayi agogo biyu da ba na so, na saya wa uwargida 'yan kunne. Bayan wata 26 aka kira ni, na bar abin da nake yi na hau jirgi. Malam, wallahi murnar ba ta kai kwana uku ba. Sau biyu na ɗaura shi, shi ma a cikin ɗaki. Na sayo ledar kariya na manna masa don kar ya karce, na kulle shi a akwatin ƙarfe. Kullum da safe sai na duba a waya nawa ake sayar da irinsa. Sauran taran ma sun daina burge ni, ina kallonsu ina lissafin wanne ya faɗi. Har na fara tunanin rubuta suna a kan wani. Wannan ciwo ne? Kuma da gaske agogon nan ƙaranci yake yi, ko wasa ake da hankalinmu?

Alhaji, daga Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya sanya albarka, Ya sa a kashe lafiya, ko da yake yadda ka ɓoye shi ban ga ranar da za a kashe shi ba.

Bari in fara da tambayarka ta biyu, ita ta fi sauƙi.

Kamfanin Rolex ba ya faɗin adadin da yake ƙerawa. Ba shi da masu hannun jari da za su tsare shi da tambaya, domin gidauniyar da Hans Wilsdorf ya kafa ce ke riƙe da shi, wato Bajamushen da ya fara harkar a Landan a 1905 kafin ya koma Janeba. Amma masu bin diddigin kasuwar sun haɗu a kan cewa abin ya kai miliyan ɗaya a shekara, har ya ɗan haura. To abin da ake zubo miliyan guda duk shekara ai ba a ce masa mai wuyar samu. Kamfanin Patek Philippe ma, da ya fi shi tsada da yanga, yana fitar da wajen 70,000. Ƙamfar ta fara ne a kan 'yan samfura kaɗan na farin ƙarfe, Daytona irin naka, da Submariner, da GMT ɗin nan da 'yan kasuwa suka laƙaba wa Pepsi da Batman saboda launin zoben da ya kewaye fuskar. Daga baya ta game kusan komai, har ya zama ka shiga shago ka ga agogo jere a gilashi da 'yar takarda a gefe tana cewa na kallo ne, ba na sayarwa ba.

Ka san yadda layin mai ke farawa a garuruwanmu. Da an ji ƙishin-ƙishin za a yi wahalar fetur, wanda tankinsa ke cike ma sai ya fito da jarkoki. Kafin azahar layi ya kai shataletale, kafin la'asar 'yan bumburutu sun jeru a bakin titi. Man da ke ƙasa bai ragu can-can ba, masu nema ne suka ninka, kuma da yawansu ba tuƙi za su yi da shi ba. Haka aka yi wa agogo. A 2020 korona ta rufe masana'antun Suwizalan na wasu makonni, kayan da ake fitarwa suka ragu. Masu hali a Turai da Amurka da Asiya suna zaune a gida, ba tafiya ba biki, kuɗi sun taru, ruwan da bankuna ke ɗorawa ya yi ƙasa ƙwarai, ga samarin da kirifto ya yi wa rana. Kowa ya duƙufa a kan waya yana kallon hannun wani a Instagram. Da farashin waje ya wuce na shago, lissafi ya sauya. A farkon 2022 Daytona irin naka wajen dala 14,500 yake a shago, a hannun dillalai kuwa ya haura 40,000. Wa zai ga haka bai shiga layi ba? Wanda bai san amfanin ƙananan da'irori ukun da ke fuskar agogon ba ma ya rubuta suna, kuma ba a shago ɗaya ba, a biyar, a ƙasashe uku. Layin da aka riƙa tsorata ka da shi, da yawansa inuwa ce.

A 2021 kamfanin Rolex ya fito ya ce ƙarancin ba dabararsa ba ce, kaya ne ba sa isar masu nema, kuma ba zai zubar da inganci don sauri ba. Na yarda da rabin maganar. Na san ba a horar da maƙerin agogo a wata shida. Ni da gyara kawai na koya, sai da na shekara bakwai a gefen teburin mahaifina kafin ya bar ni in kai hantsaki kan siririn sifirin nan mai kama da gashi. Amma kuma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya yi kuka don mutane sun yi cincirindo a ƙofarsa ba. Kalmar layi ma kanta akwai ruɗi a ciki. A layin gaskiya wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. A nan mai shago ke da wuƙa da nama, shi ke zaɓar wanda zai kira, kuma ka ga da idonka abin da yake dubawa. Ka haɗa kuɗin agogo biyun da ba ka so, da 'yan kunnen Hajiya (su dai ba asara ba ne, kar ta ji an ce na ce), da tikitin jirgi, sannan ka gaya mini ko da gaske farashin shago ka biya.

Abin dariyar, Daytona ɗin nan da ya fito a 1963 kwantai ya riƙa yi. Yana zaune a gilashin shaguna yana shan ƙura, har rangwame ake yi don a rabu da shi. Sai a shekarun 1980 masu tara agogo, musamman na Italiya, suka fara zuzuta tsofaffin, suna kiran wani samfuri da sunan ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman don an saba ganinsa da shi. A Oktoban 2017 aka yi gwanjon na hannun Newman ɗin kansa a Niyok, ya tashi a dala miliyan 17.75. Ƙarfen nan bai ƙaru ba tun ranar da yake kwantai, injin ma shi ne dai. Labari aka saya. Ko ka ɗauki Nautilus na Patek, wanda Gérald Genta ya zana a 1976. A farkon 2021 aka ji za a daina yin samfurinsa mai lamba 5711, nan take agogon da bai kai dala 35,000 a shago ba ya tsallake 100,000. A Disambar shekarar aka fitar da guda 170 masu fuska ruwan shuɗin kamfanin Tiffany, kuɗinsu dala 52,000 da ɗoriya. Ɗaya daga ciki aka yi gwanjonsa don taimaka wa wata ƙungiyar kare muhalli, ya kai miliyan 6.5. Bambancinsa da 'yan'uwansa launin fenti ne da sunan da aka buga a fuskar.

Daga wajen Afrilun 2022 iska ta juya. Manyan bankunan ƙasashe suka ɗaga kuɗin ruwa, kirifto ya faɗi warwas, waɗanda suka ɓoye kaya suka fito da su lokaci guda. Farashi ya yi ta gangarowa sama da shekara biyu, wasu samfuran da aka fi kambamawa suka zubar da kusan rabin kuɗinsu. Ka lura, kiran da aka yi maka ya zo ne bayan 'yan bumburutun sun fara kwashe jarkokinsu.

Yanzu tambayarka ta farko. Wannan sai na ɗan yi nisa da kai.

Teburin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a kasuwar Sabon Gari yake a Kano, ɗan ƙarami ne mai gilashi a gaba, da aljihun tebur cike da matattun agogo da ake cirar kayan gyara a jikinsu. Yawancin abin da ake kawo mana tsarabar alhazai ce, Seiko 5, Rado, Orient, Citizen. Akwai wani direban babbar mota da ke bin hanyar Legas, duk shekara biyu bayan hunturu sai ya kawo Seiko ɗinsa a wanke. Gilashin ya karce har da ƙyar ake ganin lamba uku, sarƙar an ɗaure wani wuri da waya, tsakanin ƙarafan kuwa gumi da ƙura sun haɗu sun yi baƙi. Baba zai kwance murfin baya ya miƙo mini. A cikin murfin akwai 'yan rubuce-rubuce da aka ƙwarzana da tsinin allura, ranar kowane wanki, al'adar masu gyara ce. Na taɓa ƙirga layi tara. Sai ya ba ni madubin da muke maƙalawa a ido ya ce in duba. Ga 'yar ƙafar nan tana lilo, bugu shida kowace daƙiƙa, sifirin yana buɗewa yana rufewa kamar ƙirjin jariri mai barci, jajayen duwatsu suna ƙyalli a ƙarƙashin dattin. Agogo sarkin aiki, ya je Legas ya dawo ya fi sau ɗari yana wannan bugun.

Direban nan ba ya barin agogon ya tafi. Yakan zauna a benci har a gama, yana shafa wuyan hannunsa inda fata ta yi fari, yana cewa ji yake kamar ya fito ba wando. Ban taɓa jin ya tambayi nawa za a saye shi ba. Tambayarsa ɗaya ce in an miƙa masa, ko zai tashe shi daidai da asuba a hanya.

Bara wani matashi ya zo mini da agogo a kwalinsa, kuɗinsa ya sayi irin na direban nan ɗari biyu. Da farar safar hannu ya ciro shi. Yana so in tabbatar masa ba jabu ba ne, amma bai yarda in kwance murfin ba, wai kar a ga alamar an taɓa. Na tambaye shi yana gudu ne ko yana lati, ya ce bai sani ba, bai taɓa saita shi ba. Agogon a tsaye yake. Kwanan watan da ke fuskarsa na ranar da wani ya ajiye shi ne, Allah kaɗai Ya san yaushe.

Kar ka ce ina wa'azi daga kan tudu, ni ma ta ci ni. A Maris 2022 Omega da Swatch suka haɗu suka fitar da agogon MoonSwatch, launi goma sha ɗaya, dala 260. Mutane suka kwana a titi a Landan da wasu birane, har aka rufe wasu shaguna saboda turmutsutsu. Kamfanin ya faɗa tun farko cewa ba ƙididdigagge ba ne, za a ci gaba da yi. Na ji, na kuma fahimta. Duk da haka, ni da furfurata, na ba wani yaro a Dubai ninki uku na kuɗin don in riga abokaina. Agogon batir ne, mara nauyi kamar na yara, kuma na san haka tun kafin in biya. Sati biyu na yi ina nuna shi, daga nan ya koma aljihun tebur wajen matattun Baba. Da na zauna na tambayi kaina me na saya, sai na ga sati biyun nan na saya.

Shi ya sa na gane ciwonka tun ban gama karanta wasiƙar ba. Wata 26 ka yi kana kiwon buri guda, kuma a hankali burin ya tashi daga kan agogon ya koma kan kiran waya. So kake a zaɓe ka, a ce cikin dubu kai ne ka isa. Ranar da wayar ta yi ƙara an biya ka duka, abin da ka je ka karɓo a Dubai rasit ne kawai. Shi ya sa murnar ta ƙare a kwana uku, shi ya sa kuma zuciyarka ke raya maka ka sake rubuta suna. Layin take kewa.

Ka tambayi kanka tsakani da Allah, kafin 2021 ka taɓa sha'awar Daytona? Seiko ɗin yayanka kai ka san dalilin son sa. Omega ɗinka, na tabbata akwai ranar da ka gan shi ya tsaya maka a rai ba tare da kowa ya ce maka komai ba. Wannan Daytona ɗin fa, wa ya zaɓar maka? Zuzutawa haka take, tana ari idon mutane ta saka maka, ka wayi gari kana son abin da kowa ke so, kana zaton daga zuciyarka ya fito. Sannan ta rataya wa agogon farashi a wuya. Da ka san karce ɗaya zai rage dala kaza, ka daina zama mai agogo ka koma mai gadinsa. Mafi muni kuma shi ne abin da ta yi wa sauran taran. Su ba su yi laifin komai ba, jiya suna faranta maka rai, yau ka jera su kana yi musu kallon buhunan da suka kwana a kasuwa. Ga tsoro kuma, domin agogon da kowa ya san kuɗinsa ɓarawo ma ya sani. A Afrilun 2022 aka tare ɗan damben nan Amir Khan da bindiga a titin gabashin Landan aka ƙwace nasa. Ba sai na gaya wa mutumin Kaduna ya san inda zai naɗe hannun riga da inda zai sake shi ba.

Ban ce duk ƙaranci ƙarya ne ba. Akwai wani dattijo a kwarin Joux na Suwizalan, Philippe Dufour, wanda samfurinsa mai suna Simplicity da ya fara a 2000 kusan guda 200 ya yi cikin shekaru masu yawa, domin kowane gefe na injin da hannu yake goge shi. A tsibirin Man na Birtaniya akwai Roger Smith, almajirin babban maƙerin agogo George Daniels, shi ma 'yan kaɗan yake gamawa a shekara. Wannan ƙaranci ne na hannu da lokaci, mai jira ya san abin da yake jira. Haka wanda ya shekara uku yana cigiyar wani tsohon agogo na shekarun 1960, yana koyon bambanta fuskar asali da wadda aka sake fentinta, yana haddace lambobin inji, yana hira da tsofaffin masu gyara. Ko bai samu ba ya ƙaru. Kai kuwa wata 26 ɗinka me suka koya maka, ban da sunan yaron shago da ɗanɗanon gahawarsu?

Ga abin da zan ce ka yi, in za ka ji ta tsoho. Ka goge manhajar duba farashin nan daga wayarka, kwana arba'in. Ka ɓare ledar. Ka ɗaura agogon kullum na wata guda, har wurin aiki, in dai hanya da wurin ka amince da su. Ka yi alwala da shi, an yi shi ya jure ruwa har zurfin mita 100, ka dai tabbatar ka murɗe kan wanin da maɓallai biyun da ke gefensa sun zauna daram. Ka kwance na saman ka danna, ka ga dogon tsinken ya tashi yana tafiya sumul, bugu takwas a daƙiƙa. Ka auna minti nawa yaranka ke ɗauka su sauke mota guda ta tayil, ka auna daga Kawo zuwa Zariya. Don wannan aka yi shi, agogon masu tseren mota ne. Karcen farko zai yi maka zafi, a kan maɗaurin zai fito, wurin da ke gogar tebur. Daga shi sauran ba sa zafi.

Bayan watan, ka lura da hannunka da safe. In shi yake fara kaiwa kan Daytona, to ya zama naka, ka riƙe. In Omega ko Seiko yake nema, ka sayar da shi ba tare da kunya ba. Za a ce maka in shagon ya gano ka sayar ba za su ƙara kiranka ba. Gaba ta kai ka, gobarar Titi a Jos. Biyun da ka saya don neman fada kuwa, tun yanzu ka rabu da su ko ka ba ƙannenka, ganinsu kullum tuni ne. Maganar rubuta sabon suna kuma a bar ta sai shekara ta zagayo. Ka rubuto mini bayan arba'in ɗin, ina so in ji wanne hannunka ya ɗauka.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. A Fabrairun 2022 na sayi agogo a hannun dillali, ba don ɗaurawa ba, don ajiyar kuɗi, saboda kowa na cewa ba ya faɗuwa. Yanzu in na duba da dala ya faɗi sosai, amma in na juya shi zuwa naira sai in ga kamar na ci riba. In sayar ko in jira? Kuma akwai zakka a kansa?

Wani matashi, daga Kano

AMSA

Yaro, ka shiga kasuwa daidai lokacin da manya ke naɗe tabarma. Ribar da kake gani da naira ba agogon ne ya kawo ta ba. Lokacin da ka saya dala ba ta kai naira 600 a Wapa ba, bayan an saki naira a Yunin 2023 ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a 2024. Da dalolin nan ka naɗe ka sa a ƙarƙashin katifa, da yau ka fi haka. Ka kuma tuna farashin da kake gani a waya na mai sayarwa ne. Ranar da ka kai naka, dillali sai ya cire nasa, ya duba kwali da takardu, ya nemo aibin da kai ba ka taɓa gani ba.

Ko zai sake tashi? Duk wanda ya rantse maka a kan wannan, ka duba da kyau, yana da na sayarwa. In kana da sana'ar da kuɗin za su juya a ciki, ka sayar ka huta, kuɗin makaranta ne ka biya. In ba ka buƙatarsu, ajiye shi ba zai ci maka tuwo ba, sai dai man da ke cikin inji yana bushewa ko ana ɗaurawa ko ba a ɗaurawa, ranar sabis kuma kuɗi ne masu kauri.

Zakka kuwa, agogon da mutum ya saya don ɗaurawa babu zakka a kansa, kamar rigarsa da motarsa. Naka da niyyar ciniki ka saya, ya zama haja. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta mai juya kaya kullum da mai ajiyewa yana jiran kasuwa ta yi kyau. Na biyun, wanda siffarka ta fi kama da shi, yana fitar da zakkar shekara ɗaya ne ranar da ya sayar, in kuɗin sun kai nisabi, ko da kayan sun shekara nawa a ajiye. Ni mai gyaran agogo ne, ka kai wa malamin unguwarku lissafin ya tantance maka.

TAMBAYA

Malam, maigidana zai yi ritaya bayan shekara 35 yana aiki. Ni da yara mun haɗa kuɗi za mu saya masa agogo mai kyau. Ɗanmu ya ce sai Rolex, amma an ce sai an jira, ga shi walimar saura wata uku. Me za mu yi?

Hajiya, daga Zariya

AMSA

Hajiya, Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa ya gama lafiya. Kar ku shiga layi, kar kuma ku biya ninki a hannun dillalin da ba ku sani ba, jabun yanzu sai an kwance murfi ake gane wasu. Akwai agogo na gani na faɗa da za ku shiga shago ku biya ku fito da shi rana ɗaya. Omega Speedmaster, irin wanda Buzz Aldrin ya taka wata da shi a 1969, yana nan ana samu. Akwai Grand Seiko na Japan, wanda gugar ƙarfensa ke ba na Suwizalan kunya, akwai Longines, akwai Tudor wanda shi ma Wilsdorf ɗin Rolex ne ya kafa shi. Ku kauce wa na zinare tunda namiji ne. Ku zaɓi mai fuska a sarari da manyan tsinkaye, idon mai ritaya ba na saurayi ba ne.

Sannan ku sa a zana masa rubutu a murfin baya, sunansa da shekarar, ko 'yar addu'a. Ɗanku zai ce hakan na karya farashi ranar sayarwa. Ki ce masa wancan na Paul Newman da na ambata a sama, matarsa ce ta saya masa, ta sa aka zana masa a baya cewa ya riƙa tuƙi a hankali.

Kafin ku aika a sayo, ki auna wuyan hannunsa da zare, ki ƙulla daidai inda ya haɗu, ki ba mai tafiyar ya sa a rage sarƙar tun a can. In ba kya so ya gane, ki ɗauki tsohon agogonsa lokacin da ya cire zai shiga wanka, ki zagaya zaren ta cikin sarƙar a rufe.